Bahon Hedimasta

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da wayar caji ofis ta yi ƙara. Likita ne daga babban asibiti. An kawo masa gawar wani dattijo, dangi suna azalzalarsa ya sa hannu su ɗauki abinsu, shi kuwa ya ce alƙalaminsa ba zai taɓa takarda ba sai 'yan sanda sun gani da idonsu.

Sufeto ya ture shayin da bai kai ga sha ba, ya kira Saje suka fita.

A ɗakin ajiye gawa likitan ya yaye mayafi. Saje, wanda ya sha kwasar gawar haɗarin mota ba tare da ya ƙifta ido ba, sai da ya kawar da kai. Daga cibiya zuwa tafin ƙafa fatar tsohon ta yi jawur, ta saluɓe kamar ta kazar da aka tsoma don figa. Daga cibiya zuwa sama kuwa ko tabo babu.

"Ruwan zafi ne," in ji likita. "Amma ba watsa masa aka yi ba. Dubi inda ƙunar ta tsaya, layi ɗaya kamar da rula aka ja. A cikin ruwan ya zauna, yana zaune ruwan yana ƙara zafi. Zuciyarsa dama lallaɓa ta ake yi, ita ce ta fara sarewa."

"Me ya hana shi tashi?"

"Ɓarin jikinsa a shanye yake tun da daɗewa. Ko cokali ba ya iya kaiwa baki."

"Wane ne shi?"

"Tsohon hedimasta ne. Rabin manyan garin nan sun sha bulalarsa."

Gidan Hedimasta yana ƙarshen wani layi. Da Saje ya tura ƙofar ƙarfen sai ta saki wata ƙara kamar ana yanka akuya. Masu ta'aziyya sun fara taruwa a tsakar gida. Wani mutum mai tumbi, riƙe da waya biyu, ya taso ya tare su. Ɗan marigayin ne na tsakiya, kowa Manaja yake ce masa saboda kamfanin motocin da yake riƙewa.

"Sufeto, ba sai ka wahalar da kanka ba," ya ce. "Aikin Auta ne, ƙanenmu. Mai gyaran wuta ne. Shi ya zo ya haɗa wa Baba wani baho mai hita, wai likita ya ce ruwan ɗumi zai saki jijiyoyi. Tun ranar na ce ruwa da wuta ba sa zama inuwa ɗaya. Wa ya saurare ni?"

"Kana yawan zuwa gidan?"

"Ni? Kullum ta Allah sai na leƙo."

"To, nuna mana banɗakin."

Manaja ya shige gaba da ƙarfinsa, ya buɗe wata ƙofa a ƙarshen baranda. Buhunan gawayi ne a ciki da tsohon keke. Ya yi tari, ya ce an yi wa gidan 'yan gyare-gyare. Saje ya ɗaga kai yana duban silin don kada dariya ta kufce masa.

Banɗakin yana cikin ɗakin marigayin. Baho ne na roba mai kauri, da kujera a cikinsa da maɗaurin ƙirji don kada mara lafiya ya zame. A wajen ƙafa an killace hita a bayan ragar ƙarfe yadda jiki ba zai taɓa ta ba. A bango, nesa da fantsamar ruwa, an kafe ɗan farin akwati wanda bai fi sandar sabulu ba, mai jajayen lambobi da 'yan maɓallai. Wata siririyar waya ta sauko daga akwatin zuwa cikin bahon. A bakinta akwai ɗan ƙarfe kamar guntun fensir, an danne shi a jikin bahon da maƙali da noti.

Sufeto ya shafa cikin bahon. A bushe yake ƙayau. An zubar da ruwan, an goge, har an shanya tsumman a taga.

Mutum ya mutu a nan da safe, amma wani ya sami sukunin goge baho.

Babbar 'yar marigayin tana zaune a kicin a kan ɗan benci. Yaya ake ce mata, daga ƙannenta har maƙwabta har mai kawo ruwa. Siririyar mace ce, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Hannuwanta biyu naɗe suke da bandeji har gwiwa. Idonta kuwa a bushe.

"Sannu da haƙuri, baiwar Allah. Ke ce mai kula da shi?"

"Ni ce."

"Ke kaɗai?"

"Ka ga wani ne?"

Sufeto ya jawo kujera ya zauna. "Faɗa mini abin da ya faru."

"Na gyara shi, na sa shi a baho kamar kullum, na kunna akwatin. Sai na tuna maganin hawan jininsa ya ƙare. Na ce bari in ruga kemis kafin ruwan ya gama ɗumi. Na tarar da layi. Da na dawo, tun daga baranda na hangi tururi."

"Sai kika yi yaya?"

"Na kashe wuta, na ciro shi." Ta ɗaga hannuwanta. "Ga shaida."

"Wa ya goge bahon?"

"Ni. Hannu ne ya saba. Duk abin da Baba ya ɓata, ni ke gogewa."

"Kina zargin na'urar?"

"Ni me na sani a kan na'ura? Ku tambayi mai ita."

Mai ita yana bayan gida, zaune a kan bulo, ya haɗa kai da gwiwa. Auta magidanci ne, da gemunsa, amma da ya ɗago ido sai ka ce yaron da aka manta a tasha. Abin gwada wuta yana maƙale a aljihun rigarsa.

"Kai ka haɗa na'urar nan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Yi mini bayaninta yadda ɗan sanda zai gane."

Auta ya share hanci. Da ya fara maganar aikinsa sai muryarsa ta ɗan tsaya.

"Wayoyin kashi uku ne. Biyu na farko su ke ba akwatin kansa wuta. Biyu sirara su ke zuwa ga ɗan ƙarfen nan na cikin ruwa. Sensa muke ce masa, shi ne yatsan na'urar, da shi take jin zafi. Biyu masu kauri kuma su ke kai wuta ga hita, amma sai sun bi ta wani makunni a cikin akwatin. Na saita ta a digiri talatin da takwas, ɗumin jikin mutum da 'yar ɗoriya. Ruwa na kaiwa nan za ka ji ƙas, makunnin ya yanke hita. In ya sauka da digiri ɗaya, ƙas, ya mayar. Na ja wayar da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, na sa abin da ke katse komai in wuta ta taɓa ruwa. Ubana ne zai shiga, yallaɓai. Ban yi ha'inci ko a noti ɗaya ba."

"In makunnin ya maƙale fa?"

"Akwai ƙararrawa. Ruwa na haura arba'in da biyu za ta yi ta kuka har maƙwabta su ji."

"Yau ta yi kukan?"

"Ban sani ba. Ba na nan."

"Ka taɓa saitin tun bayan da ka haɗa?"

"Ban taɓa ba."

Amsar ta fito tun kafin tambayar ta gama fita. Sufeto ya lura da hakan.

Da rana ta karkata ya aika aka zo da wani Kofur, mai gyaran wutar bariki. Aka cika bahon, aka kunna akwatin. Auta yana tsaye a bakin ƙofa, Manaja yana bayansa yana huci.

Jajayen lambobin suka fara hawa a hankali. Suna kaiwa talatin da takwas sai aka ji ƙas. Hita ta yi shiru. Kofur ya ƙara ruwan sanyi, lambobin suka sauka, ƙas, hita ta kama. Aka maimaita har Saje ya fara hamma. Na'urar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Kofur ya kashe wuta, ya buɗe akwatin, ya ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya. "Aiki mai tsabta ne, yallaɓai. Babu wadda ta saki, babu wadda ta ƙone." Ya mayar da murfin, ya kunna, ya danne maɓalli ya shiga cikin saiti. "An sa ta a ɗumamawa, ba sanyayawa ba, daidai ne. Talatin da takwas, daidai ne." Sai ya dakata. "Amma ƙararrawar a kashe take."

Duk suka juya suka dubi Auta.

Ya jingina da bango. "Ni na kashe ta. Watan jiya. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai ta yi tsuwa, Baba ya firgita yana karkarwa. Yaya ta ce in rufe mata baki. Na san bai kamata ba, amma na yi."

"Ka ji ko!" Manaja ya daka tsawa. "Shashasha! Ka dafa mana uba kamar rogo!"

"Ni na kashe shi," in ji Auta, ya miƙa hannuwansa. "Ku tafi da ni."

Sufeto ya sa Saje ya kai shi mota. Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya yana iya yin ta biyu, kuma babu wanda ya fi maƙeri sanin inda ƙarfensa ke lanƙwasa. Amma ransa bai kwanta ba. Ƙararrawa ihu take yi, ba ta dafa ruwa. Ko tana kunne ko tana kashe, me ya hana makunnin yanke hita da safen nan, alhali yanzu yana yankewa kamar soja?

Ya kori Manaja waje, ya rufe ƙofa.

"Kofur, akwatin nan yana tuna wani abu?"

"Irin wannan tana riƙe zafi mafi yawa da ta taɓa ji, ko an ɗauke wuta ba ya gogewa." Ya danna nan, ya danna can. "Talatin da takwas da ɗigo shida."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, yallaɓai."

Sufeto ya ƙura wa lambobin ido. Ruwan da ya saluɓe fatar mutum ya yi wa wannan nisa. Ke nan duk lokacin da tsohon yake ƙonewa, yatsan na'urar bai ji komai ba. Yatsan da bai ji zafi ba kuwa, ba ya cikin ruwan.

Ya durƙusa, ya haska maƙalin da ke riƙe da sensa. Sauran notikan bahon duk sumul suke. Wannan ɗaya kansa ya sha yaga, an kankare shi ta gefe da gefe, ƙarfen yana ƙyalli sabo.

"Kofur, wannan aikin sukundireba ne?"

Kofur ya leƙa, ya girgiza kai. "Mai sana'a ba ya yi wa noti haka. Da abu mai tsini aka murɗe shi."

Washegari da safe Sufeto ya shiga gidan da ke jingine da na Hedimasta. Wata tela ce a ciki, mace mai jiki, kekenta yana ƙarƙashin taga. Tsakanin tagarta da ta banɗakin marigayin katanga ce kawai da ba ta kai kafaɗa ba.

"Jiya da safe kina nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe, amma ban ji komai ba. Keken nan in ya fara ƙara ko aradu ba na ji."

Daidai lokacin sai wani a gidan Hedimasta ya ajiye bokiti a banɗaki. Ƙarar ta shigo ɗakin tas kamar a gabansu aka ajiye. Sufeto ya dubi tela. Tela ta dubi allurarta.

"Ni fa ba na son hawa kotu," ta ce. "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba."

"Mai ɓoye gaskiya ya fi saurin hawa. Me kika ji?"

Ta sauke ajiyar zuciya. "Tsohon na ji yana kira. Auta, Auta. Da fari a hankali, daga baya da ƙarfi, kamar ana zare masa rai. Na ce ko wankan ne ba ya so, don yakan yi rigima."

"Ya daɗe yana kira?"

"Na yanka riga, na haɗa kafaɗa, na sa hannu ɗaya, bai daina ba. Ina kan na biyun ya yi shiru." Ta rufe baki da gefen mayafi. "Da na sani da na leƙa. Wallahi da na leƙa."

"Kin ji an buɗe ƙofar gidan?"

"Ƙofar nan ko kurma ya san an taɓa ta. Tun da gari ya waye ba ta yi motsi ba, sai da Yaya ta fito tana neman motar asibiti."

A kan hanya Saje ya ce, "Ke nan Auta a gidan ya kwana, yallaɓai. Tsohon yana ganinsa yana roƙonsa."

"Wataƙila. Ka je kemis ɗin layin, ka tambaya ko Yaya ta zo jiya. Daga nan ka binciko inda Auta ya yi aiki."

A caji ofis aka fito da Auta daga sel, idonsa ya kumbura. Sufeto ya tura masa ruwa, bai sha ba.

"Jiya da safe kana ina?"

"Gidan burodi, a wancan gefen gari. Tandarsu ce ta lalace."

"To me ya sa mahaifinka yake ta kiran ka yana cikin ruwan?"

Auta ya ɗago kai. "Ya kira ni?" Ya goge fuska da hannun riga. "Yallaɓai, ai kowa Auta ne a wurin Baba. Tun da ciwon ya buge shi, kalmar nan kaɗai ta rage masa a baki. In yana son ruwa, Auta. In fitsari ne, Auta. Likita ma Auta yake ce masa."

"Yaya fa?"

"Ita ma."

"In sensa ta fita daga ruwa, me zai faru?"

"Akwatin zai ga kamar ruwan bai yi ɗumi ba. Hita ba za ta tsaya ba har sai..." Ya yanke maganar.

"Wa ka taɓa gaya wa haka?"

Auta ya kawar da kai.

"Wa ka gaya wa?"

"Kunne kawai na ja mata, ranar da na haɗa. Na ce Yaya, kome za ki yi, kada ƙarfen nan ya bar ruwa. Shi ya sa ma na ɗaure shi da noti." Nan take ya zabura, ya dafa teburin. "Yallaɓai, na riga na ce ni ne! Na sa hannu! Me kuma kuke nema? Matar nan ita ta goye ni. Ban san uwata ba, ita na sani."

Sufeto ya sa aka mayar da shi. Ya daɗe zaune yana juya biro. Shi ma yana da tsohuwa a gida, a hannun ƙanwarsa, yakan aika da saƙo in wata ya yi, yakan bugo waya ya ce a gaishe ta. Bai taɓa tambayar ƙanwar yadda bayanta yake ba. Ya kori tunanin kamar ƙuda.

Saje ya dawo kafin azahar. Masu gidan burodi sun ce Auta yana cikin tandarsu tun sassafe, a can labarin ya same shi. Mai kemis kuwa ya ce Yaya ba ta taka shagonsa jiya ba, kuma maganin da ta saya kwanan baya bai isa ƙarewa ba.

Sufeto ya ɗauki hularsa. "A fito da Auta, a sa shi a motar baya. Kira mini 'yar sanda mace."

Sun sami Yaya a kicin tana ƙoƙarin wanke kofunan baƙi da hannuwa masu bandeji. Gida cike da dangi, babu wanda ya karɓe ta.

Sufeto ya ja ƙofa. Ya jawo kwandon cokula ya shiga ciro wuƙaƙe yana jerawa a kan tebur. Ta ƙarshe 'yar ƙarama ce ta yankan albasa, tsininta ya lanƙwashe, ya murɗe gefe guda.

Ya ajiye ta a gabanta.

"Mai kemis bai gan ki ba. Ƙofar gida ba ta buɗe ba. Na'urar ba ta ji zafin ruwan ba, don an kwance yatsanta an fitar. Da wannan."

Yaya ta dubi wuƙar. Ta ɗauraye kofin da ke hannunta, ta kife shi, sannan ta zauna a kan bencinta.

"Ka taɓa ɗaga babban mutum daga gado, Sufeto?"

"Ban taɓa ba."

"Nauyi gare shi. Ya fi buhu, don buhu ba ya tofa maka abinci a fuska."

Ta gyara zama. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka.

"Ina kwalejin horon malamai mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar Auta. Baba ya zo da kansa ya kwaso akwatina. Ya ce in riƙe yaran na shekara guda. Shekarar ce har yau ba ta ƙare ba. Masu nema sun zo, ya ce a bari yara su tasa. Yara suka tasa, masu nema suka daina zuwa. Shi da ya karantar da 'ya'yan gari duka. Da ciwo ya kayar da shi, ba a ma yi shawara ba. Wa za a tambaya? Ga Yaya nan."

"Ki zo kan jiya."

"Shekaranjiya Auta ya zo da lemo. Bai gama ɗumama kujera ba ya tafi. Amma ka ga Baba! Dariya har da hawaye. Ya sha lemo daga hannunsa, shi da ya yi mako yana rufe mini baki. Jiya da safe ya ɓata shimfiɗa har bango. Na wanke shi, na wanke bangon, na ɗauke shi, bayana yana ƙara. Na zaunar da shi a baho, na ɗaura masa maɗauri. Sai ya ɗaga hannun nan nasa mai lafiya, ya shafa kumatuna. Rabon da ya taɓa ni haka tun ina 'yar firamare. Ya dube ni cikin ido, ya ce, Auta."

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Likita ya ce yana gane komai, harshen ne kawai ya ɗaure. To in harshe zai iya suna ɗaya, me ya sa ba nawa ba? Na ce ƙeta ce. Na ce wuya za ta buɗe masa baki. Na ɗauko wuƙar, na kwance ƙarfen, na rataye shi a waje. Na fita na tsaya a bayan ƙofa."

"Kina jin sa?"

"Ina jin sa. Ba kashe shi na yi niyya ba, Sufeto, ko ka yarda ko kada ka yarda. Na ce yana kiran sunana zan shiga. Ko ba suna ba. Ya ce 'yata. Ya ce ke. Ko zagina ya yi, in dai ni ya zaga. Duk kiran da ya yi sai in ce na gaba nawa ne." Ta dubi hannuwanta. "Da ya yi shiru har murna na yi. Na ɗauka tunani yake, yana laluben sunan."

'Yar sandar da ke bakin ƙofa ta sunkuyar da kai.

"Sai kika mayar da ƙarfen, kika ɗaure, kika goge baho."

"Haka ne."

"Kika bar ƙanenki ya kwana a sel da laifinki a kansa."

A karon farko idon Yaya ya kawo ruwa, amma ta hana shi zuba. "Kwana ɗaya ya ɗauki nauyin Baba. Ɗaya tak. Ya yi yawa?"

Sufeto ya miƙe tsaye. Ya gaya mata laifin da ake tuhumarta da shi. Ta gyaɗa kai, ta miƙe ta yafa mayafi.

Da aka fito da ita tsakar gida ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Gwaggwanni suka kama salati. Manaja ya taso yana nuna ta da waya.

"Muguwa! Azzaluma! Uban da ya haife ki! Me muka rage ki da shi?"

Ta wuce shi kamar ba ta ji ba. Sai da ta kusa ƙofa ya biyo ta da wata murya daban, ƙasa-ƙasa.

"Yaya, tsaya mana. Baƙin nan fa? Wa zai ji da su? Ina ma ake ajiye tabarmi?"

Ta sa kai ta fita.

Auta yana tsaye a waje kusa da mota, an sake shi. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya." Ta tsaya ta dube shi tun daga sama har ƙasa, kamar mai duba ko ya ci abinci.

"Aikinka ba shi da laifi," ta ce. "Kada ka bari a ce maka yana da shi."

'Yar sanda ta buɗe mata ƙofa ta shiga baya. Motar ta tashi. Kafin su fita daga layin, Sufeto ya waiwaya don ya yi mata wata tambaya. Ta jingina kai da gilashi, bakinta a ɗan buɗe, barci ya kwashe ta, irin mai nauyin nan na wanda babu sauran mai kiran sa.

Ya juyo, ya haɗiye tambayar.

"Direba," ya ce, "bi a hankali wajen ramukan nan."